Kafin Ka Ce Wane Zai Koma Lakers: Yadda Ake Lissafin Kasuwar 'Yan Wasan NBA

Duk shekara idan watan Yuni ya doshi ƙarshe, hirar masu bin ƙwallon kwando a majalisunmu, daga Shara Mansur a Makka har Jidda da Madina, takan koma kan abu ɗaya: wane kwantiraginsa ya ƙare, ina zai nufa. Kusan kullum kuma da ƙwaƙwalwar ƙwallon ƙafa ake musun. Ba laifin kowa ba ne. Mun ga Nasr ta ɗauko Ronaldo, Ittihad ta kawo Benzema a 2023, Hilal ta zuba kuɗi ta sayi Neymar, sai muka saba da cewa mai kuɗi shi ke da magana. A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a sayen tauraro daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi, kuma attajirin da ya fi kowa arziki ba shi da ikon ba ɗan wasa ko dala ɗaya sama da abin da doka ta yanka masa. Mai son ya gane inda babban ɗan gaba, wato mai tsayawa a gurbi na 3 ko na 4 cikin biyar ɗin da ke fili, zai iya sauka, lissafi biyu zai yi a jere: na aljihu tukuna, sannan na fili. Wanda ya fara da na fili yakan cinye dare guda yana musu a kan cinikin da doka ba ta ma yarda da shi ba.

Fara da takardar ɗan wasan

Tambayar farko: kwantiragin ya ƙare da gaske? Taurari da yawa shekarar ƙarshe ta kwantiraginsu zaɓi ce a hannunsu, ko su ci ta ko su yafe. Wa'adin yanke shawarar ba ya wuce 29 ga Yuni. Paul George a 2024 ya yafe shekara mai dala miliyan 48.8 a Clippers, shi ya sa ya shigo kasuwa. Kafin ranar nan duk abin da ka ji hasashe ne.

Idan ya ƙare, sai a duba irin sakin. Akwai cikakken saki, ɗan wasa ya tafi inda ya ga dama, tsohuwar ƙungiyarsa ba ta da ta cewa. Akwai kuma saki mai igiya, wanda yawanci kan faɗa wa matashin da ya gama shekara huɗu na kwantiraginsa na farko. Wannan na biyun wanda ya karanta babin shuf'a a fiƙihu zai gane shi nan take: baƙo ya taya, mai haƙƙi ya ce ni ma na biya hakan, kaya ya zama nasa. Wata ƙungiya ta kawo tayi a rubuce, yaron ya sa hannu, tsohuwar ƙungiyar tana da abin da bai wuce kwana biyu ba ta ce ta amince da farashin. A 2022 Pacers ta taya Deandre Ayton shekara huɗu a kan dala miliyan 133, Suns ta ce ta biya, Pacers ta tashi hannu rabbana. Haɗarin mai tayi shi ne kuɗinsa a ɗaure suke cikin kwanakin jiran, sauran 'yan wasan da yake so kuwa suna ta watsewa.

Sai shekarun aiki, don su ke yanke albashi mafi girma. Wanda ya yi shekara shida ko ƙasa da haka a gasar, kashi 25 cikin ɗari na rufin albashin ƙungiya, wato iyakar jimlar albashin da doka ta yanka wa kowace ƙungiya, yake iya karɓa a shekarar farko. Mai shekara bakwai zuwa tara, kashi 30. Mai goma zuwa sama, kashi 35. A kakar 2025-26 rufin dala miliyan 154.6 ne, ke nan matakan uku sun kama miliyan 38.7, da 46.4, da 54.1. Ka ninka na ƙarshen da 3.75, ka ga riyal miliyan 203 a shekara guda.

Ƙungiyar gida tana da fifikon da doka ta ba ta da gangan. Ɗan wasan da ya yi kaka uku ba a kore shi ba, bai kuma sauya ƙungiya da ƙafarsa ba, ƙungiyar da ke riƙe da shi tana da abin da ake kira haƙƙin Bird, sunan Larry Bird na Celtics. Da shi take iya ƙetare rufi ta sabunta masa, ta ba shi shekara biyar da ƙarin kashi 8 duk shekara. Ta waje shekara huɗu kawai take iya bayarwa, da ƙarin kashi 5. Ɗauki mai kashi 30 a lissafin 2025-26. A gida jimlarsa ta kai miliyan 269, a waje miliyan 199 da rabi. Nan mutane kan kama baki su ce wa zai bar miliyan 70? Amma idan ka jera shekara huɗu da shekara huɗu, tazarar miliyan 8 da ɗoriya ce kawai. Ragowar duka shekara ta biyar ce. Mai shekara 27 da lafiyayyar gwiwa zai iya barin ta, don in ya kai 31 wani kwantiragin na jiran sa. Mai shekara 33 kuwa ita ce inshorarsa. Sannan akwai haraji: jihohin Tekzas da Fulorida ba sa karɓar harajin albashi na jiha, Kalifoniya kuwa na manyan masu albashi ya haura kashi 13, kuma wakilan 'yan wasa suna sa wannan a ma'auni.

Yanzu buɗe aljihun ƙungiyar

A nan aka fi yin kuskure. Mutum ya shiga Spotrac, shafin intanet mai jera albashin 'yan wasa, ya tara albashin waɗanda ke da kwantiragi, ya cire daga rufi, ya ce ga sarari. Ya manta da kuɗin kamun wuri. Duk ɗan wasan ƙungiyar da kwantiraginsa ya ƙare, ana ci gaba da rubuta wani adadi da sunansa a littafin, har sai an sabunta masa, ko ya tafi, ko ƙungiyar ta yafe haƙƙinta a kansa. Sabon yaron da aka zaɓo a zagayen farko na daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara, shi ma yana da nasa. Kuma idan sunayen ba su cika goma sha biyu ba, kowane gurbi da ke fanko ana caje shi albashin sabon shiga, kimanin miliyan 1.27 a 2025-26.

Mu ƙaddara ƙungiya mai mutum takwas da albashinsu ya kama miliyan 98. A ido tana da miliyan 56, har mai kashi 35 zai shiga. To ƙara miliyan 4 na yaron daraf, da miliyan 15 na kamun wurin wani nata da take son riƙewa, da gurbi biyu miliyan 2.5. An kai 119.5, saura miliyan 35. Ko mai kashi 25 bai shiga ba. Idan ta yafe mai miliyan 15 ɗin, sararin ya koma kusan 49, mai kashi 30 ya samu ƙofa, amma ta yi asarar ikon ƙetare rufi don wancan da ta saki. Kullum ka tambayi wanda ya ce maka ƙungiya kaza tana da kuɗi: wa za ta yafe kafin kuɗin su fito?

Masu wayo da wannan dokar suke cin riba. A 2023 Sixers ta ƙi sabunta wa Tyrese Maxey da wuri, don kamun wurinsa kimanin miliyan 13 ne kacal. A 2024 ta yi amfani da sararin ta ɗauko George shekara huɗu a kan miliyan 212, daga baya ta ƙetare rufi da haƙƙin Bird ta ba Maxey shekara biyar a kan miliyan 204. Da ta juya jerin, ta fara da Maxey, da George bai shiga ba. Wanda aka fara sa wa hannu da wanda aka bari a ƙarshe, wannan kansa sana'a ce.

Abin da ya faru a 2016 kuwa kada a ɗauke shi misali. Sabon kuɗin talabijin ya ɗaga rufi daga miliyan 70 zuwa 94 a shekara guda, har Warriors da ta ci wasa 73 ta samu wurin sa Kevin Durant. An toshe wannan ƙofar: yanzu rufi ba ya tashi sama da kashi 10 a shekara.

Idan babu sarari fa?

Yawancin ƙungiyoyin da tauraro zai so zuwa sun riga sun wuce rufi. Ƙananan ƙofofin da doka ta bar musu ba sa ɗaukar babban kaya. Mafi girmansu miliyan 14.1 ce a 2025-26, ta masu biyan harajin almubazzaranci, wato tarar da NBA ke cin ƙungiyar da albashinta ya yi yawa, kuma miliyan 5.7. Da su ake ɗauko mataimaki. Hanyar tauraro ita ce tsohuwar ƙungiyarsa ta sa masa hannu, nan take ta musanya shi da 'yan wasa ko tikitin daraf, wato damar zaɓen sabon yaro. Ta haka Jimmy Butler ya je Heat a 2019, ta haka DeMar DeRozan ya je Kings a 2024. Sharuɗɗan: kwantiragin ya kasance shekara uku ko huɗu, ta farko tabbatacciya, tsohuwar ƙungiyar ta yarda, kuma mai karɓa ba za ta haye jan layi na farko ba, wata iyakar albashi da ke can saman rufi, har kakar ta ƙare, ko da rauni ya kwantar mata da rabin 'yan wasa.

Layukan nan ka haddace su. A 2025-26 haraji yana farawa daga miliyan 187.9, jan layi na farko 195.9, na biyu 207.8. Ƙungiyar da ta haye na biyu ba ta iya haɗa albashin mutum biyu ta musanya da mai tsada ɗaya, ba ta iya cusa tsabar kuɗi a ciniki, ta rasa ƙofar miliyan 5.7 ɗin, kuma ana daskarar mata da tikitin zagayen farko na shekara ta bakwai a gaba, ba ta iya cinikinsa. Shi ya sa Celtics, zakarun 2024, suka rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a bazarar 2025 bayan jijiyar agarar Jayson Tatum ta tsinke. Idan aka ce maka tauraro zai koma ƙungiyar da ke saman layi na biyu, ka sha shayinka kawai.

Wani abin da ya rage wa kasuwar Yuli armashi: haƙƙin Bird yana bin ɗan wasa idan musanya shi aka yi. Ƙungiya mai hangen nesa takan ɗauko shi tun cikin kaka. Knicks ta karɓo OG Anunoby daga Raptors a Disamba 2023, Pacers ta karɓo Pascal Siakam ɗan Kamaru a Janairu 2024. Da bazara ta zo, sunansu ya fito cikin sakakku, amma maganar ta riga ta ƙare: Anunoby shekara biyar miliyan 212.5, Siakam shekara huɗu kimanin miliyan 189, kowa a inda yake.

Lissafin fili

Aljihu ya yarda, sai a koma ga ƙwallon kanta, wadda guda ɗaya ce. Akwai ma'aunin da ke nuna kaso nawa na hare-haren ƙungiya ke ƙarewa a hannun ɗan wasa yana cikin fili, ko da jifa, ko da jifan fanareti, ko da zubar da ƙwallo. Mutum biyar ke raba kashi ɗari, matsakaici 20 ke nan, tauraro yakan ci 30. Haɗa uku masu cin 30, ka bar wa sauran biyun kashi 10. Lissafin ba ya fita, dole wani ya rage ci, kuma tarihi ya nuna ɗan gaba ne yakan rage. Chris Bosh yana jefa maki 24 a wasa a Raptors, da ya haɗu da LeBron James da Dwyane Wade a Heat a 2010 ya dawo 18.7. Kevin Love daga 26.1 ya faɗo 16.4 a shekararsa ta farko a Cavaliers. Saboda haka kada ka tsaya kan makin da yake ci a tsohuwar ƙungiya. Nemi wasa biyu ko uku cikakku, ba guntayen bidiyon bajinta ba, ka ɗauke ido daga ƙwallo ka zuba masa. Idan ba ta hannunsa, yana tsayawa ne hannu a ƙugu, ko yana yanka zuwa kwando, yana kafa wa abokinsa katanga, yana komawa kusurwa a shirye? Durant ya shige Warriors kamar an auna shi saboda yana iya karɓa ya jefa ba tare da ya buga ta ƙasa ba. Aaron Gordon ya bar neman zama na ɗaya a Magic, ya koma mai yanka da tsaro kusa da Nikola Jokic, suka ɗauki kofin 2023.

Na biyu sarari. Wanda ya je zauren filin Sarki Abdullah a Jidda lokacin gasar Asiya ta Agusta 2025 ya ga layin maki uku na mita 6.75. Na NBA ya fi nisa, mita 7.24, a kusurwa kuma 6.71, kuma wannan ƙarin nisa shi ke buɗe tsakiya idan masu tsaro sun yarda su fita. Suna fita ne kawai ga wanda suke tsoron hannunsa. Mai jefa kashi 36 daga nesa yana kawo maki 1.08 a kowane jifa, daidai da mai jefa kashi 54 daga ciki. Mai jefa kashi 30 kuwa 0.90 yake kawowa, sai mai tsaronsa ya ƙyale shi ya koma gindin kwando ya jira tauraron. To idan ɗan gaban naka mai kutsawa ne, ƙirga masu hannu cikin huɗun da za su tsaya tare da shi. Uku ya yi. Biyu da ƙyar. Ƙasa da haka ka sa shi cikin cunkoson fitowa daga Harami bayan Tarawihi.

Misalan a bayyane suke. Bucks ta ɗauko Brook Lopez a 2018 da kuɗin da bai kai miliyan 3 da rabi ba, dogon tsakiya mai tsayawa can waje yana jifa, sai hanya ta buɗe wa Giannis Antetokounmpo, suka ci wasa 60 a kakar, kofi ya zo a 2021. A shekarar 2018 ɗin Lakers ta kewaye LeBron da masu riƙe ƙwallo marasa jifan nesa, suka ƙare da nasara 37 da faɗuwa 45. Ba su ɗauki darasi ba, a 2021 suka kawo Russell Westbrook wanda ya jefa ƙasa da kashi 30 daga nesa, aka tashi 33 da 49. Heat ma ta LeBron ba ta ɗauki kofi ba sai da ta samu Shane Battier, ta kuma tura Bosh tsakiya.

Na uku tsaro, kuma tambayar a taƙaice take: idan aka zo zagayen fitar da gwani, wa zai tsare babban ɗan gaban abokan hamayya minti 38 a wasa har sau bakwai? In amsar ita ce tauraron da kansa, ƙarfinsa na kai hari zai ragu a kwata na huɗu. In ba shi ba ne, to akwai mai yi a ƙungiyar, ko shi ne aka yafe don a samo kuɗin? Suns ta tara Durant da Devin Booker da Bradley Beal, masu jifa uku na gani na faɗa, amma ba ƙwararren mai raba ƙwallo, ba isassun masu tsaro, ba kuma ƙofar da za a sayo su saboda layi na biyu. Timberwolves ta share su 4 da babu a 2024, a 2025 ko zagayen ba su shiga ba.

Shekaru da gwiwa

Kwantiragin tauraro yana hawa duk shekara, jiki kuma yana sauka. Ka duba shekarunsa a ranar da kwantiragin zai ƙare, ba ranar sa hannu ba, sannan ka tara wasannin da ya buga a kaka uku na baya cikin 246. George yana da shekara 34 lokacin da ya sa hannu. A kakar farko wasa 41 ya buga, abokin wasansa Joel Embiid 19, Sixers ta ƙare da 24 da 58, alhali a takarda babu wanda ya fi shi dacewa da su. Nets ta haɗa Durant da Kyrie Irving da James Harden, wasa 16 kawai suka taɓa bugawa tare. Ka kuma duba abin da aka biya a gefe. Don Kawhi Leonard ya yarda ya zo a 2019, Clippers ta ba Thunder Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da tikitin zagayen farko biyar ta karɓo George. Shai ɗin da ta bayar shi ya zama gwarzon gasar a 2025 ya kuma ɗaga kofi.

Agogo da karanta labari

Ƙungiya tana iya fara magana da nata 'yan wasan washegarin kammala wasan ƙarshe. Da na wasu kuwa sai 30 ga Yuni ƙarfe 6 na yamma agogon gabashin Amurka, wanda a nan ya kama ƙarfe 1 na daren wayewar 1 ga Yuli. In ka ga an sanar da ciniki minti biyu bayan buɗewa, ka san an daɗe ana magana ta ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci hukumar takan kama: ta ƙwace wa Knicks tikitin zagaye na biyu a kan ɗauko Jalen Brunson.

Abin da ake sanarwa a daren nan alkawarin baka ne. Manyan kwantiragi ba a sa musu hannu sai 6 ga Yuli, wajen ƙarfe 7 na yamma agogonmu, daf da Magariba. A 2015 DeAndre Jordan ya yi wa Mavericks alkawari, cikin kwanakin jiran ya sauya ra'ayi ya koma Clippers, su kuma sun riga sun bar wasu sun wuce. Sannan ka lura da kalmomin rahoton. "Zai iya kaiwa miliyan kaza" yana nufin akwai ladan da sai an cika sharaɗi. Shekarar ƙarshe zaɓin wa ce, na ɗan wasa ko na ƙungiya? Kwantiragin shekara uku da zaɓin ɗan wasa a ta ƙarshe, ga ƙungiya na shekara biyu ne in ya yi kyau, na uku in ya lalace. In kuma an shiga kaka aka ga bai dace ba, ba a iya musanya sabon sa hannu sai 15 ga Disamba ko bayan wata uku, duk wanda ya fi nisa, kuma ƙofar musaya tana rufewa a farkon Fabrairu.